Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmar Da Ta Hana Ni Sukuni A Daren Aiki

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, ina aikin kwana a ɗakin yara, sai wayata ta yi ƙara cikin aljihu. Ƙanwata ce. Wata huɗu ke nan da ta bi mijinta Jamhuriyar Cek, inda yake ƙarin karatu, ta tafi da yaransu biyu. A lokacin sanyi agogonsu da namu ɗaya ne, don haka na san ba lafiya ce ta sa ta kira a wannan lokacin ba.

"Yaya, yaron nan ne. Tun jiya yake zazzaɓi, da yamma babansa ya kai shi wajen likita. Na turo miki takardar, don Allah duba min. Na saka kalmar a waya, abin da na gani ya tayar min da hankali."

Na buɗe hoton. Rubutu ne da ba na iya karantawa, haruffan duk da 'yan alamomi a kansu. Amma kalma ɗaya ta fito fili: *angína*. Nan take gabana ya faɗi. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, kuma abu ɗaya na san *angina* da shi a Turancin asibiti: ciwon ƙirjin da ke kama mutum idan jini bai isa tsokar zuciya yadda ya kamata ba. Ciwon manya ne, galibi masu hawan jini ko ciwon siga. Me zai haɗa yaro ɗan shekara biyar da shi?

Na daure na fara yi mata tambayoyi kamar yadda nake yi wa kowace uwa. Yana dafe ƙirji? A'a. Yana haki? A'a. To me yake yi? Ba ya iya haɗiye abinci, bakinsa na wari, can cikin maƙogwaronsa akwai farare-fararen ɗigo. Wane magani aka ba shi? Ta karanto min sunan da ke jikin kwalbar, sai na ji fenisilin ne. A nan hankalina ya fara dawowa jikina, domin babu likitan da zai ba mai ciwon zuciya irin wannan fenisilin ya ce ya koma gida. Mijinta ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, ni ma maƙoshinsa kawai na ga likitar ta duba."

Da gari ya waye ya tambayi abokan karatunsa 'yan ƙasar, suka yi ta dariya. A harshen Cek, *angína* kumburin maƙogwaro ne na yau da kullum, wanda da wuya a sami yaron da bai taɓa yi ba. Idan ciwon zuciyar suke nufi, sai sun faɗi sunansa cikakke, *angina pectoris*.

Tun daga ranar ni da ƙanwata muka buɗe wani ɗan littafi. Duk kalmar da ta gani a titi ko a kanti wadda ta yi kama da Turanci amma ta yaudare ta, sai ta turo min, ni kuma in bi sawun asalinta idan na tashi daga aiki. Ga kaɗan daga abin da muka tara.

Mu ma muna da irinsu

Kafin mu yi nisa, ki ɗauki Hausa da Turanci. Rubuta *wake* ki nuna wa Bature, zai ce farkawa daga barci kike nufi, ke kuwa ƙosai kike shirin yi. *Rake* a wurinsa manjagara ce ta share ganye. *Dare* a wurinsa ƙarfin hali ne. Haruffa ɗaya, ma'ana kowa da tasa. Ko a cikin Hausar kanta, *gari* na iya zama na tuwo, yana iya zama na zama, *kuka* na iya zama ta miya, yana iya zama na jariri.

Haka abin yake tsakanin Turanci da harshen Cek, wanda mutum sama da miliyan goma ke magana da shi a tsakiyar Turai. Ƙasarsu ta rabu da Sulobakiya ranar 1 ga Janairun 1993, babban birninsu Firag. Da haruffan boko suke rubutu, shi ya sa idon wanda ya yi makarantar Turanci ke saurin ruɗuwa. Da na jera kalmomin littafinmu, sai na ga sun kasu gida uku: 'yan uwan da suka rabu kowa ya kama gabansa, waɗanda kamar kawai ta haɗa su, da 'yan uwa na haƙiƙa da ba su canza ba.

'Yan uwan da suka raba hanya

Mu fara da wadda ta tsorata ni. *Angina* daga Latin take, tsohon harshen Rumawa, kuma tushenta shaƙewa ne ko matsewa. Rumawa ciwon maƙogwaro suke kira da ita, saboda mai shi yana jin kamar an shaƙe shi. A 1768 wani likitan Ingila, William Heberden, ya yi wa takwarorinsa bayanin wani ciwo da ke matse ƙirji, ya sa masa suna *angina pectoris*, wato shaƙewar ƙirji. A hankali masu Turanci suka yar da rabin sunan suka riƙe *angina* ita kaɗai. Mutanen Cek kuwa suna nan a kan tsohuwar ma'anar. Ashe su ne ma suka fi mu riƙo da asali.

Sai *ambulance*. Ƙanwata ta ga an rubuta ta a jikin wata ƙofa a asibiti, ta zaci nan ake ajiye motar ɗaukar marasa lafiya. Ashe ɗakin ganin likita ne na waɗanda za su zo su koma gida. Tushen kalmar a Latin tafiya da ƙafa ne. Faransawa sun yi amfani da ita wajen kiran asibitin da ke bin sojoji fagen fama, wato asibiti mai tafiya, daga nan Turanci ya mayar da ita sunan mota. A Cek kuwa mara lafiyar ne mai tafiyar: ya zo da ƙafarsa, ya koma da ƙafarsa. Motar kanta *sanitka* suke ce mata. Ki duba haɗarin: a ce yaro ya shiɗe, uwa ta fito tana neman *ambulance*, a nuna mata ƙofar wani ɗaki.

*Recept* ta yi kama da *receipt*, wadda muka ara muka ce rasit. A Cek takardar da likita ke rubuta magani ce, kuma da ita ake kiran bayanin yadda ake girka abinci. Duka daga kalmar Latin ɗaya suke mai nufin karɓa. Likitocin da can sukan fara rubuta magani da kalmar *recipe*, wato "ɗauki kaza da kaza ka haɗa". Ita ce ta taƙaita ta zama alamar Rx da kike gani a saman takardar magani, ita ce kuma Turanci ya kai ta kicin.

A ƙasan takardar yaron an rubuta *kontrola*. Mijinta ya ɗauka ana nufin a tsare yaron, a hana shi fita. Ashe cewa aka yi a dawo da shi a sake duba shi. Asalin kalmar a Faransanci kwafin littafin lissafi ne da ake ajiyewa don a gwada da na farko a ga ko sun dace. Cek ya riƙe ma'anar dubawa, Turanci ya fi karkata ga mallaka da juya abu.

*Pasta* ma ta yi mata wasa da hankali a kanti. Ta ga *zubní pasta* tana murna ta samu taliya, ashe man goge baki ne. Tushen kalmar kwaɓi ne, duk abin da aka kwaɓa. Italiyawa suka kai ta tukunya, 'yan Cek suka kai ta banɗaki. Taliya *těstoviny* ce a wurinsu. Haka *gymnázium*: ba wajen motsa jiki ba ne, sakandare ce ta masu shirin shiga jami'a. A tsohuwar Girka wuri ɗaya ne matasa ke motsa jiki su kuma saurari malamai, sai kowane harshe ya ɗauki rabin gadon.

Baƙo da mai masauki

Wadda ta fi burge ni ita ce *host*. A Turanci mai masauki ne. A Cek kuwa baƙon ne. Kishiyoyi sak, amma uwa ɗaya ta haife su: wata tsohuwar kalma mai nufin baƙo, mutumin da ya zo daga wani wuri. Daga ita Turanci ya samu *guest*, Cek ya samu *host*. A Latin kuma aka haɗa ta da wata kalmar mai nufin maigida, ta zama *hospes*, uban baƙi, wadda ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a matsayin *host*.

Daga *hospes* ɗin nan aka samu *hospital*, wanda a farkonsa masaukin matafiya ne da gajiyayyu. Mu kuma muka are shi muka ce asibiti. Otal ma daga nan yake. Ke nan duk lokacin da kika ce za ki asibiti, a asalin magana masaukin baƙi za ki. Wannan ya tsaya min a rai. Na ce wa abokan aikina, ashe duk wanda ke kwance a gadon nan baƙonmu ne, kuma mun san yadda ake karɓar baƙo a gidajenmu. Mu dinga tunawa da haka idan gajiya ta sa muna neman ɗaga murya.

Su kuwa 'yan Cek ba su ari kalmar ba wajen sunan da suke amfani da shi yau da kullum. *Nemocnice* suke cewa, daga *nemoc*, ciwo, wadda idan kika raba ta za ki samu *ne*, babu, da *moc*, ƙarfi. Rashin ƙarfi ke nan, kusan yadda muke cewa rashin lafiya.

Waɗanda kamar kawai ta haɗa

Waɗannan babu dangantaka ko ta nesa, kamar *wake* ɗinmu da na Bature.

*Pot* ba tukunya ba ce, gumi ne. *Had* maciji ne. *Sad* gonar itatuwan marmari ce, babu wani baƙin ciki a cikinta. *Pan* ba kasko ba ne, shi ne malam ko maigida, matar kuma *paní*. *Led* ƙanƙara ce, shi ya sa watan Janairu *leden* suke ce masa. *List* ganye ne, Nuwamba kuma *listopad*, faɗuwar ganye, watan da yaronmu ya yi ciwon. *Let* tashin jirgi ne, filin jirgin *letiště*. *Most* gada ce, kamar shahararriyar gadar Firag, *Karlův most*, da aka fara ginawa a 1357.

*Plot* ta ba ni dariya. Mu mun ari ta Turanci muka ce fuloti. A Cek *plot* shinge ne, daga kalmarsu ta saƙa, domin a da da rassa ake saƙa shi, kamar yadda muke saƙa zana. Na ce wa ƙanwata, idan maƙwabci ya ce zai sayar miki da *plot* da araha, ki tambaya da kyau kada ki sayi darni babu fili.

Mafi rikitarwa ita ce *no*. A hirar yau da kullum, idan ɗan Cek ya ce *no*, yana nufin "to" ko "eh, haka ne". Cikakkiyar eh ɗinsu *ano* ce, a'a kuma *ne*. Ƙanwata ta tambayi malamar makarantar yara ko yaron zai iya dawowa aji, matar ta gyaɗa kai tana murmushi tana cewa "no, no". Ta dawo gida da yaron, ya ƙara kwana biyu babu gaira babu dalili.

'Yan uwa na haƙiƙa

Ba duka ke yaudara ba. *Sestra* 'yar uwa ce kamar *sister*, *bratr* ɗan uwa kamar *brother*, *syn* ɗa kamar *son*, *nos* hanci kamar *nose*, *tři* uku kamar *three*. Dalili shi ne Turanci da Cek kakansu ɗaya, wani harshe da aka yi magana da shi dubban shekaru da suka wuce. Harshen Hindi ma jikansa ne. *Bhai* ɗin nan da kike ji a finafinan Indiya ɗan uwan *bratr* ne da *brother*. Hausa kuwa danginta daban, gida ɗaya take da Larabci.

Abin da ya faranta min rai: ma'aikaciyar jinya ma *sestra* suke ce mata, kamar yadda marasa lafiya ke ce min sista a nan. A Turai mata masu zaman ibada a coci ne suka daɗe suna jinyar marasa lafiya, ana kiransu 'yan uwa mata, sunan ya bi aikin har ya iso gare mu.

Abin da suka ba duniya, har da mu

Kalmar *robot*, mutum-mutumi mai aiki da kansa, daga Cek ta fito. Marubuci Karel Čapek ne ya fito da ita a wasan kwaikwayonsa R.U.R. na 1920, kuma yayansa Josef ne ya ba shi shawarar kalmar. Tushenta *robota*, aikin tilas da talakawa ke yi wa masu ƙasa a gonakinsu, wanda aka soke a 1848.

Dala ma can ne mahaifarta. A wani kwari da ake kira Jáchymov aka samu azurfa, aka fara buga kuɗi da ita wajen 1520. Da Jamusanci sunan wurin Joachimsthal, kuɗin kuma Joachimsthaler. Baki ya gaji da tsawon sunan, aka koma *thaler*, daga nan ya rikiɗe ya zama *dollar*. Wani jikan kuɗin nan, mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinsa, ya ratso Sahara ya shigo kasuwanninmu. Kakanninmu dala suke ce wa sulai biyu, a Nijar kuma har yau dala ɗaya faran biyar ce ta sefa. Abin dariyar, su 'yan Cek ba dala suke kashewa ba, kuɗinsu *koruna*.

Abin da nake so ki riƙe

Wataƙila ki ce ke ba Turai za ki ba. Amma yau 'ya'yanmu da ƙannenmu na karatu a ƙasashe iri-iri, muna zuwa neman magani Masar da Indiya, ana kawo mana tsarabar magunguna masu rubutun da ba mu sani ba. Ga abin da daren nan ya koya min.

Na farko, kalmar da ta yi kama da wadda kika sani ta fi wadda ba ki sani ba haɗari. Baƙuwar kalma za ta sa ki tambaya, mai kama kuwa sai ki ɗauka kin gane. Idan za ki fassara a waya, ki gaya mata harshen da takardar take, ki saka jimla gaba ɗaya. Kuskuren ƙanwata shi ne ta nemi kalmar ita kaɗai a shafukan Turanci.

Na biyu, ki duba sunan sinadarin magani, ba sunan kamfani ba. A Cek, Paralen farasitamol ne, daidai da Panadol ɗin da ƙanwata ta tafi da shi daga gida. Da ta haɗa su biyun, da ta ninka wa yaro magani, kuma yawan farasitamol na lalata hanta.

Na uku, ki kula da lamba. A Cek, da ma ƙasashen da ke rubutu da Faransanci irin Nijar, waƙafi ake sawa inda mu muke sa ɗigo. Idan kika ga 2,5 ml, biyu da rabi ake nufi. Ba 25 ba ne, ba kuma 2 ko 5 ba.

Na huɗu, kafin ki bar gaban likita a ko'ina, ki maimaita masa abin da kika fahimta: sunan ciwon, yawan maganin, sau nawa a rana, kwana nawa, da ranar dawowa. Babu kunya a cikin wannan. Mu ma'aikata mun fi samun natsuwa da uwar da ta tambaya sau uku. Mai tafiya Turai kuma ya haddace 112, lambar agajin gaggawa ta ƙasashen Tarayyar Turai. A Cek akwai kuma 155, ta motar asibiti kai tsaye.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Bayan na gama dariyar kaina, sai na tuna tsorona bai tashi a banza ba, domin akwai hanya tsakanin maƙogwaro da zuciya. Yawancin ciwon maƙoshin yara mura ce, yana wucewa da kansa. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas ke kawowa, ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15. Alamunsa zazzaɓi, zafin haɗiya, fararen ɗigo a maƙogwaro, kaluluwa a wuya, galibi kuma babu tari. Idan ba a yi maganinsa ba, bayan mako biyu zuwa uku wasu yaran kan tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, garkuwar jikinsu ta juya ta far wa ƙofofin zuciya. Na yi jinyar 'yan mata masu ƙananan shekaru da ƙafa a kumbure, ba sa iya kwanciya sai a jingine, mafarin abin kuwa ciwon maƙoshi ne da aka raina.

Don haka idan yaro na zazzaɓi da zafin haɗiya, a kai shi asibiti a duba. Kada a kai shi wajen wanzami a ce a cire belu, kada kuma a sayo ƙwayoyi biyu a kemis a ce an gama. Idan likita ya rubuta fenisilin na kwana goma, a cika goman ko da yaro ya warware a rana ta uku. Idan kuwa ya kasa haɗiye yawu, ko ya kasa buɗe baki, ko numfashi na yi masa wuya, ba a jiran gari ya waye.

Yaron ya shanye maganinsa kwana goma cif, aka mayar da shi *kontrola*, likitar ta ce ya warke. Jiya uwarsa ta kira ni, ina jin muryarsa a bayanta yana rigima da ƙanwarsa.

"Yaya, maƙwabciyata ta gayyace ni shan shayi ranar Asabar. Ta ce ni ce *host* ɗinta. To ni zan je ko ita za ta zo?"

Na ce, "Ke ce baƙuwar. Ki sa atamfarki, ki riƙa mata ɗan cincin, kada ki je hannu rabbana."